Ma'aikacin makaranta ya ci kuɗin yarana a Jidda, ina zan kai kuka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce, muna zaune a Jidda, 'ya'yana uku suna wata makarantar kuɗi. Na jima ina biyan kuɗinsu ta hannun wani ma'aikacin ofis, Bahaushe ɗan uwanmu, wani lokaci a hannu, wani lokaci ta asusunsa na banki. Yakan rage mini wani abu, ya rubuta mini rasit da biro. Yanzu makaranta ta aiko cewa tana bi na kuɗin zango biyu. Shi ne kuma ya karɓi riyal 4,000 zai samo wa ƙanena da ke Kano gurbi a Jami'ar Madina, har yau shiru kake ji. Manyan unguwa sun ce a rufa masa asiri. Ni kuwa raina yana ba ni in tona shi a zauren WhatsApp na iyaye. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya mayar miki da alheri. Binciken littattafan kuɗi ne sana'ata, makarantu masu zaman kansu kuma suna cikin wuraren da nake duba wa asusu, saboda haka wannan labari ba baƙo ba ne a wurina.

Kafin komai, ki ɗaga yatsanki daga kan wayar nan. Kada ki rubuta sunansa a zauren iyaye, kada ki saka hotonsa, kada ki yi saƙon murya kina ce masa ɓarawo. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya, wadda aka kafa a 2007, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya ɓata sunan wani ta waya ko kwamfuta. Kasancewar ke ce mai gaskiya ba ya hana shi riga ki zuwa wurin shurɗa, wato 'yan sanda, da hoton saƙonki a hannunsa, sai ki wayi gari ke ake tuhuma, maganar kuɗinki kuma ta koma gefe. Shi ma kansa kada ki tsare shi da faɗa tukuna. Ranar da ya gane kin farka, ranar zai fara goge saƙonni yana neman bizar fita.

Abin da za ki yi a daren yau aikin zama ne. Ki fito da duk rasit ɗin da ya rubuta miki, ki ɗauki hoton kowanne, ki adana na asalin a inda yara ba za su taɓa ba, kuma duk wanda ya nemi gani kwafi za ki ba shi. Ki shiga manhajar bankinki ki sauke bayanan asusu na watannin da kika tura masa kuɗi. Hirarku ta WhatsApp ki fitar da ita gaba ɗaya ki tura wa kanki ta imel, hotunan allo kuma ki tabbata lambar wayarsa da kwanan wata suna bayyane. Daga nan ki ɗauki takarda guda ki jera: ranar kaza, riyal kaza, na yaro wane, a hannu ko ta banki, a gaban wa. Jami'in da zai saurare ki yana da layi a bayanki. Wanda ya zo da shafi ɗaya a tsare ya fi samun kunne fiye da wanda ya zo da kuka da labarin awa guda.

Matsala biyu ce a hannunki, kuma kowacce da ƙofarta. Ta kuɗin makaranta ta fi nauyi, bari in daɗe a kanta.

Tun daga 4 ga Disamba 2021, hukumar zakka da haraji, ZATCA, ta wajabta wa duk mai rajistar dariba, wato harajin VAT, ya riƙa fitar da takardar shaidar ciniki, wato fatura, ta na'ura. Rajistar nan dole ce ga wanda cinikinsa na shekara ya haura riyal 375,000, makarantar da ke da ɗaruruwan yara kuwa ta wuce nan nesa ba kusa ba. Fatura ta gaskiya za ki ga sunan kamfanin da ya mallaki makarantar a samanta, da lambar dariba mai alƙaluma 15 wadda take farawa da 3 take ƙarewa da 3, da rana da lokaci, da adadin kuɗin, da dariba ta kashi 15 cikin 100 a ware a layinta, sannan lambar QR, ɗan murabba'in nan mai ɗige-ɗige. Idan kika haska shi da manhajar ZATCA, sunan mai faturar da adadin za su fito. Takardar da aka yago daga ɗan littafin rasit na kantin kayan rubutu, aka cike da biro, ba ta shiga littafin makaranta ba, aljihu ta shiga. Ragin da yake yi miki ma, ina kyautata zaton ce miki ya yi zai cire miki dariba idan kika biya a hannu. Ba shi da ikon yafe harajin gwamnati. Ragin shi ne ƙugiyar.

Za ki ce to me ya sa sai yanzu aka gano, alhali zangunan baya ba a taɓa cewa ana bin ki ba? Ga yadda ake yi. Ya karɓi kuɗinki a farkon wata ya kashe. Kafin makaranta ta tura miki takardar tuni, wani uban ya kawo nasa, sai ya zuba na wancan a kan sunan yaranki. Na ukun ya kawo, a toshe ramin na biyu. A littafi kowa ya biya, sai dai a makare. Ramin kuwa kullum ƙara faɗi yake, don yana ci gaba da ɗiba. Abin yana tafiya muddin shi kaɗai ne ke karɓa, shi ke shigarwa a kwamfuta, shi ke tura saƙon tuni. Ranar da ya kwanta rashin lafiya, ko aka kawo sabon muhasib, wato akanta, ko iyaye da yawa suka jinkirta biya lokaci guda, ranar asiri ke tonuwa. Abin da wannan ke nufi gare ki shi ne da wuya a ce ke kaɗai ce. Ki tuntuɓi iyaye biyu ko uku da kika amince da su, baki da baki, ki tambaye su kawai ta wace hanya suke biya, ba tare da kin zargi kowa ba.

Sai ki rubuta wa mudir, wato shugaban makarantar, takarda, da Larabci, gajeriya. Ki ce kin biya kaza da kaza ga ma'aikacinsu wane a ranakun nan, ga kwafin shaida, kina neman cikakken bayanin asusun kowane yaro tun daga ranar da ya shiga, kuma kina neman amsa a rubuce. Kwafi biyu za ki kai, su karɓi ɗaya, su buga miki hatimi da kwanan wata a kan ɗayan. Idan mai makarantar daban ne da mudir, shi ma a kai masa. Maganar baka a ofis, da shayi da "in sha Allahu za mu duba", ba ta barin sawu.

Gaskiya ɗaya mai ɗaci: kuɗin da kika ba shi a cikin ofishin makaranta, a kan teburin da su suka zaunar da shi, musamman idan rasit ɗin yana ɗauke da hatiminsu, hujjarki a kansa tana da ƙarfi ƙwarai, domin ma'aikacinsu ne ya karɓa da sunansu. Wanda kika tura asusunsa na kansa kuwa, makaranta za ta iya cewa ba ta san da shi ba, ki bi shi can. Duk da haka ba ki yi asara ba, don banki ya riƙe miki shaidar da ba ta gogewa, da sunansa a jiki. Makarantar ma an cuce ta, kuma mai makaranta mai hankali zai fi son ki zama shaidarsa da ki zama abokiyar shari'arsa. Dokar yaƙi da damfara da cin amana ta 2021 ta sa ɗaurin da zai iya kai shekara 7 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 5 ga mai damfara, sannan shekara 5 da riyal miliyan 3 ga wanda ya ci dukiyar da aka damƙa masa amana. Ba ƙaramin laifi ba ne a idon hukuma.

Idan makaranta ta yi ta ja miki rai, ko ta fara matsa wa yara lamba, Ma'aikatar Ilimi ce ke ba su lasisi, kuma ita suke tsoro. Ki shigar da koke ta Tawasul a shafin ma'aikatar, ko ki kira 19996, ki karɓi lambar kokenki ki adana. Rashin ba da fatura kuwa na ZATCA ne, lambarsu 19993. Shi kansa mutumin, ofishin shurɗa na unguwarku ake kai balaginsa, wato ƙararsa, su kuma su miƙa wa Niyaba, masu gabatar da ƙara. Ki san cewa a tsarin nan haƙƙi biyu ne: naki na kanki, wato kuɗinki, da na hukuma. Ko kin yafe naki daga baya, wannan ba ya tilasta wa hukuma ta janye nata. Neman kuɗin ta kotu kuma ana shigar da shi ta Najiz, dandalin intanet na Ma'aikatar Shari'a.

Mutanenmu da yawa da an ce cuta sai su ce a kira Nazaha, hukumar yaƙi da cin hanci da rashawa ta Saudiyya. Lambarsu 980, amma aikinsu ya fi karkata ga ma'aikatan gwamnati, dukiyar jama'a da cin hanci. Misali wani a makarantar gwamnati ya ce sai an ba shi wani abu kafin ya shigar da yaro a tsarin Noor na rajistar ɗalibai, ko ya gyara maki. Wannan nasu ne kai tsaye. A nan ma akwai abin lura: a dokar cin hanci mai bayarwa da ɗan tsakiya duk masu laifi ne, hukuncin yana iya kai shekara 10, amma doka ta sauke hukunci daga kan mai bayarwa ko ɗan tsakiyar da ya kai rahoto kafin a gano laifin. Wanda ya taɓa miƙa irin wannan kuɗi ya je da ƙafarsa tun kafin a zo nemansa.

Yanzu maganar Madina. Jami'ar Musulunci ta Madina, tun kafuwarta a 1961 take ɗaukar ɗalibai daga ƙasashen duniya a kan minha, wato tallafin karatu, kuma neman gurbi kyauta ne, ta intanet. Yanzu ma akwai dandalin gwamnati na Idrus fis Sa'udiyya, inda ɗalibin waje ke neman jami'o'in ƙasar da kansa. Babu dillali, babu wakili a unguwa, babu kujerun da aka ware wa wani ma'aikacin ofis a Jidda. Sana'ar masu wannan abu mai sauƙi ce. Ya karɓi kuɗin mutum talatin, ya cike musu fom ɗin da kowa zai iya cikewa a wayarsa. Biyu ko uku su samu saboda takardunsu sun cancanta, su kuma su zama masu yi masa talla a Kano da Zariya cewa Malam yana da hanya. Sauran a ce musu ba rabo, a jira baɗi. Wanda ya matsa a tura masa takardar ƙabul, wato ta samun gurbi, ta bogi mai tambari, a ce biza ce ta tsaya.

Abin da ya fi riyal 4,000 ɗin damuna shi ne takardun ƙanenki. Fasfo, sakamakon jarrabawa, hotuna, wataƙila har da imel da kalmar sirri, duk suna hannunsa. Ƙanenki ya canza kalmar sirri yau, ya shiga da kansa ya ga ko an ma shigar da sunansa, kuma ya duba abin da aka ɗora. Idan an rage masa shekaru, ko an ƙirƙiro masa takardar tazkiyya, wato shaidar halin kirki, da sunan malamin da bai san shi ba, shi za a kama da jabu, ba dillalin ba, kuma yana iya rasa damar har abada. Wannan damfara tun da ta waya aka ƙulla ta, ana iya kai ta ta Kulluna Amn, manhajar kai rahoto ga jami'an tsaro, ko a haɗa ta da balagin farko a wurin shurɗa. Idan akwai abokin aikinsa da ke karɓar kuɗi a gida Najeriya, ƙanenki ya kai wa EFCC ko ICPC da shaidar turawa.

Tun da yaranmu na nan yawancinsu gida suke komawa jami'a, bari in ɗan ratsa. Sayen takarda ya daina zama abin da ake binnewa. A Disamba 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna aji ba, a farkon Janairu 2024 kuma gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Waɗanda suka yi karatun gaske a can ma abin ya shafe su. WAEC da NECO duk suna da hanyar tantance sakamako ta intanet, gurbin jami'ar Najeriya kuma idan bai fito a CAPS, shafin ba da gurbi na JAMB, ba, ba gurbi ba ne. Duk wanda ya ce zai gyara wa ɗanki sakamako, bam ya dasa masa wanda zai tashi ranar neman aiki.

Haka kuma saƙonnin da ke zuwa da sunan makaranta ko Noor, a ce ki latsa nan ki sabunta bayanan yaro, ko a kira ki a ce ki karanto lambar da ta shigo wayarki, ko ki amince da wata lamba a Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da ko wane ne mutum. Makaranta ba ta neman wannan. Ki tura irin saƙon zuwa 330330. Idan an riga an cire kuɗi, banki ake fara kira a rufe kati, sannan a kai balagi.

Na san akwai abin da ba ki faɗa ba, wanda shi ke hana yawancinmu motsi: tsoron hukuma. Idan iƙamarku, wato takardar izinin zama, tana da rai, babu abin da zai hana ki shiga ofishin shurɗa a matsayin wadda aka zalunta, kuma tun 2024 akwai dokar da ke kare masu kai rahoto da shaidu da waɗanda aka cuta. Amma duk ƙofar da kika je za a nemi shaidar zama. Macutan sun san haka sarai, shi ya sa suka fi zaɓen gidajen da takardunsu ke da matsala, don sun san ba za a kai su ko'ina ba. Idan cikin iyayen da abin ya shafa akwai masu irin wannan hali, waɗanda takardunsu ke daidai su shige gaba, sauran su nemi shawarar lauya ko ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda kafin su ɗaga ƙafa. Ki kuma tsaya a kan abin da kike da shaidarsa kaɗai. Ƙarar ƙage ita ma laifi ce, ƙarin gishiri kuma yana raunana gaskiyar da ke hannunki.

Manyan unguwa kuwa, ban ce ki watsa musu ƙasa a ido ba. Sulhu alheri ne, kuma sau da yawa ta nan kuɗi ya fi saurin dawowa. Inda nake rabuwa da su shi ne idan rufin asirin yana nufin ki yi shiru, ki sake biyan zango biyu daga aljihunki, shi kuma a lallaɓa ya koma wata makarantar a Makka ko Riyad da sunansa fes. Wannan asirin ɓarawo aka rufa, aka tona na marayu da zawarawan da za su faɗa hannunsa gaba. Idan za a yi sulhu, a yi shi da sanin mai makaranta, a rubuce, ya amsa adadin da ya ci da hannunsa, a sa ranakun biya, shaidu biyu su sa hannu, biyan kuma ta banki. Kada ki sa hannu a takardar janyewa sai kuɗin sun shiga, makaranta kuma ta ba ki takardar cewa ba ta bin yaranki komai.

Idan ƙura ta lafa, ku iyaye kuna da bakin da za ku nemi gyara, kuma gyaran ba shi da tsada. Mai karɓar kuɗi daban, mai shigarwa a littafi daban, mai daidaita littafi da bayanan banki a ƙarshen wata daban. A daina karɓar tsabar kuɗi, a koma biya da katin banki na mada da turawa asusun makaranta. Kowane wata a tura wa kowane uba bayanin abin da ya biya da abin da ya rage, kuma wanda ke turawa kada ya zama mai karɓa. A tilasta wa duk mai taɓa kuɗi ya tafi hutunsa na shekara wani ya zauna a kujerarsa, domin irin toshe-toshen da na bayyana miki ba ya jure mako biyu babu mai shi. Ma'aikacin da ake yabo cewa bai taɓa hutu ba, ni littafinsa nake fara buɗewa. Sauran ɓarnar da ake samu, malaman bogi a takardar albashi, kamasho a kan yunifom da littattafai, kuɗin yawon buɗe ido da ba a je ba, duk maganinsu ɗaya ne, ido na biyu a kan kowace takarda. Tara gudummawa a zauren iyaye zuwa asusun mutum ɗaya ma ku bar shi, domin laifi ne a ƙasar nan a tara taimako ba tare da izini ba, ga kuma dandalin Ihsan da gwamnati ta buɗe a 2021 ga mai son sadaka.

Sannan a buɗe hanyar da malami ko direba ko mai shara zai kai magana ga mai makaranta ba tare da ta bi ta hannun wanda ake zargi ba. Ƙungiyar masu binciken damfara ta ACFE, a rahotonta na 2024, ta nuna cewa kashi 43 cikin 100 na almundahanar wuraren aiki ta hanyar tsegumi aka gano su, fiye da rabin masu tsegumin kuma ma'aikatan wurin ne. Ina da yaƙinin a makarantar yaranki akwai wanda ya daɗe yana ganin iyaye suna miƙa ambulan a bakin ƙofa, bai dai san wa zai faɗa wa ba.

Yaran kada ki cire su a tsakiyar zango saboda fushi, kuma kada a yi maganar a gabansu, don gobe za ta zaga aji. Kuɗin zango mai zuwa ki biya a kan lokaci, don kada a sami abin riƙewa a kanki. Ki karɓi lambar IBAN, wato cikakkiyar lambar asusun banki, daga takardar makaranta mai hatimi, lokacin turawa ki duba sunan da banki ya nuna miki, ya zama na makarantar ko kamfaninta, ki rubuta sunan yaro da zangon a wurin bayani, sannan ki je ofis ki karɓi faturarki ta na'ura. A jikin takardar da za ki kai wa mudir kuma ki ƙara layi ɗaya: biyan sabon zango ba ya nufin kin amince da bashin da ake jayayya a kansa.